Shekarar da Jinin Hansatu Ya Kusa Ƙarewa

Ranar da aka ɗaura auren 'yar Hansatu ta biyu, ina zaune a zaure na ji ɗayanku yana gaya wa baƙi cewa tun zamanin da mutanenmu suke gudun asibiti, Baba ne ya ɗauki Yaya Hansatu ya kai ta Batsari ya ceci ranta. Baƙin suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa na sunkuyar da kai ina amin. Wannan amin ɗin ta daɗe tana damuna. Ba ni na kai ta ba. Mahaifiyarku Dije ce, Allah ya jiƙanta, ni kuwa bin sawunsu na yi don in koro su gida. Ita ba ta nan balle ta faɗa, ko tana nan ma ba za ta faɗa ba, don haka ku ji daga bakina.

A shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira, muna zaune a rugarmu kusa da Zakka. Muna noman gero da dawa da 'yar gyaɗa, muna kuma kiwo. Damina biyu a jere ruwa bai zauna ba, shanun mutane da yawa suka zube, amma mu Allah ya rufa mana asiri don na kora namu cikin daji da wuri. Nono bai yanke a gidanmu ba ko na kwana ɗaya. Ina alfahari da wannan ƙwarai. In na ga 'ya'yan makwabta sun bazu a bakin gonaki suna tsinkar tafasa da rama, sai in ce a raina Allah na gode maka, nawa ba su san wannan ba. A gidan, ban da ni da Dije da ku ƙanana, akwai mahaifiyata, wadda kowa yake kira Dada. Tun rasuwar mahaifina take wurina, kuma maganarta ita ce magana. Ƙanena Bello yana can Darini da iyalinsa.

Hansatu ita ce 'yarmu ta fari. Ku yanzu kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna yi musu wasa a gaban kowa, mu a wurinmu wannan rashin kunya ne babba. Tun da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Dada, can take kwana, can take ci. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce yarinyar nan. In ta kawo mini ruwa, ƙoƙon nake kallo. Dije ta ma fi ni, domin ko kuka yarinyar take yi a gabanta ba za ta juyo ba, sai dai ta ce da wani ya duba. Shekara goma sha huɗu muna gida ɗaya, amma da za a ce in faɗi yadda fuskarta take, sai in yi ta kame-kame. Ba ƙi ba ne. Haka muka tarar, kuma muna ganin shi ne mutunci.

Dada kuwa ta ɗauki son duniya ta ɗora mata, kuma da abinci take nuna son. Da safe madara mai ɗumi daga hantsar saniya, da rana fura da nono an zuba mata kauri, da yamma tuwo da man shanu, miyar ba ta fi a dangwala ba. Dada ba ta yarda da ganye. Takan ce cin ganye sai akuya da wanda ya rasa. Wake kuma ta ce yana kumbura ciki. Ƙwan zabi da muke samu kasuwa ake kai shi, 'ya mace ba a ba ta ƙwai. Nama sai salla ko suna, mai shanu ai ba ya yanka dukiyarsa don kwaɗayi, kuma ranar da aka yi yankan, hanta da ƙoda gasa su ake yi a kawo wa maigida da baƙinsa. Ni ne maigidan. Ban taɓa tambayar wa ya samu me a cikin gida ba.

Wajen ƙarshen rani aka fara cewa yarinyar nan ta yi sanyi. Ita da take ɗaukar ƙwaryar nono ta kai Zakka ta dawo kafin azahar, sai ta koma tana zama a hanya sau uku. In ta yi daka kaɗan sai haki, sai ta jingina da turmi. Tana yawan cewa kanta yana sara, kunnenta yana ƙara. Wata rana aka kama ta a bayan shinge tana ɓantarar ƙasar suri tana ci, Dada ta yi mata faɗa, yarinyar ta ce ita ma ba ta san dalili ba, ranta ne yake so. Daga baya na ji cewa a watannin nan ne ta fara al'ada, kuma tana zuwa mata da yawa, amma wannan ba maganar da za ta iso kunnen uba ba ce. Abin da ya iso kunnena shi ne ranar da ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu, saura ƙiris ta afka ciki, mata suka ɗauko ta.

Dada ta ce ta san ciwon. Ciwon kai da jiri da nauyin jiki, ai mataccen jini ne ya taru, sai an fitar da shi. Ni ma haka na sani, domin duk shekara ana yi mini ƙaho in ji jikina sakayau. Na aika aka kira wanzaminmu, Audu, wanda mahaifinsa ya yi mini aski ranar sunana, shi kuma ya yi wa duk waɗanda aka haifa a cikinku kafin lokacin. Ya zo da zabirarsa, aka shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin Dada, ni na koma gindin ƙirya na zauna don ba zan tsaya a kan 'yar fari ba. Da ya gama ya zo ya same ni yana wanke ƙahonninsa, ya ce jinin nata wani iri ne, tsararo, kamar zoɓon da aka sirka da ruwa. Na tambaye shi me hakan yake nufi, ya ce mai yiwuwa muguntar tana can ƙasa ba ta taso ba, sai an ƙara. Bayan mako biyu aka ƙara. Rannan ba ta iya tashi daga tabarmar da kanta ba. Muka ce ciwon ne yake fita, aka sa ranar na uku.

Kwana biyu kafin ranar, na dawo daga kiwo da la'asar ina ɗaure maruƙa, sai Dije ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce tana da magana. Ta ce matar wanta da ke Karare ta yi irin wannan ciwon bayan haihuwa, ta ɗashe, tana haki, tana cin ƙasa, aka kai ta asibitin Batsari aka ce jini ne ya yi mata kaɗan, kuma ta warke. Ta ce tana jin tsoron ƙahon nan. Ban ma saurari abin da take faɗa ba, abin da ya tsaya mini shi ne wai Dije ce take maganar 'yar fari da bakinta. Na ce mata yarinya tana hannun Dada, kuma Dada ta raini yara kafin a haife ta. Sai ta ce:

"Maigida, Hansatu mutuwa take yi."

Tun ranar suna ban ji sunan nan a bakinta ba. Igiyar da ke hannuna ta suɓuce, maraƙin ya ruga wurin uwarsa. Na ce ta ɓace mini da gani, ta juya ta tafi.

Washegari da na kora shanu, ta shiga ɗakin Dada ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce za ta kai yarinyar Batsari. Dada ta ce ba ta yarda ba. Dije ta ce a yi mata gafara, ta kama hannun 'yarta ta ɗora ta a kan jaki. Da na dawo na tarar da Dada zaune a ƙofar ɗaki ko furarta ba ta taɓa ba. Ta ce matata ta shigo har ɗakinta ta ƙwace mata ɗiya, ita dai ta ga ƙarshen zamani. Na rantse mata gobe war haka suna gida. Da sallar asuba na ari keke a Zakka na kama hanya. A Karare surukina, wan Dije, ya ce nan suka kwana, sun wuce da sassafe. Ya ƙara da cewa tun kafin su iso gari yarinyar ta kasa zama a kan jakin, Dije ta goya ta da zani, budurwa guda ƙafafunta suna reto, ta ratsa tsakiyar gari da ita mutane suna kallo. Da na ji haka kunya ta ƙara hura mini wuta.

Asibitin 'yan ɗakuna ne da baranda, mutane sun yi layi a kan benci. Na jingine keke na kutsa ciki ba tare da na jira an kira ni ba. Na tarar da Dije a tsugune a ƙasa, yarinyar tana zaune a kan wani dogon tebur, malamin asibitin yana tsaye a kanta. Gajere ne mai tabarau, bai kai ni shekaru ba. Ya tambaya ko ni wane ne, Dije ta ce maigidanta ne. Na buɗe baki zan ce su tashi mu tafi, sai ya ce to madalla, dama ni yake nema, in matso. Na ce daga nan ma ina ji. Ya ce ba ji zan yi ba, gani zan yi. Ya kama hannun rigata ya jawo ni har gaban teburin, ya sa babban yatsa ya ja fatar idonta ta ƙasa, ya ce in duba.

Na duba. Cikin idon fari ne fat, kamar cikin ƙwaryar da aka wanke. Ya ɗauko wani ɗan madubi ya ce in ja nawa in gani, na ga ja kamar gauta. Ya buɗe tafin hannunta ya ɗora kusa da nawa. Ya sa ta fito da harshe. Sai a sannan na ga fuskar gaba ɗaya. Leɓɓanta sun yi toka-toka, jijiyar wuyanta tana bugawa da sauri kamar ta tsuntsun da aka kama. Kuma kamannin mahaifina ne sak, har da ɗan tsagin nan na haɓa. Shekara goma sha huɗu ban sani ba. Ita ma kallona take yi a tsorace, don ba ta taɓa ganin idona a kanta ba.

Ya zagaya bayanta zai sa abin sauraren ƙirji, ya ɗaga mayafinta, sai ya tsaya cak. Tsagar ƙahon tana nan layi-layi daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta farko ta bushe, ta biyu ko ɓawo ba ta gama yi ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambaya sau nawa, Dije ta ce biyu, yau ne na uku. Ya ce wa ya sa aka yi. Na ce ni ne. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Malam, yarinyar nan jinin da ke jikinta bai fi rabin abin da ya kamata ba. Tulu ne da ruwa ya rage a gindi, ka sa aka huda shi sau biyu. Na uku ban san ko da ta tashi ba."

Na zauna a ƙasa kusa da Dije, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ya bar ni na ɗan dawo hayyacina, sa'an nan ya tambayi abin da take ci. Nan na ji na samu abin kare kaina. Na ce ta wannan fannin kam alhamdu lillahi, madara da safe, fura da nono da rana, man shanu da yamma, ko a farin nan ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Ya ce sai me kuma. Na ce me ya fi wannan? Ya tambayi rabonta da nama, muka lissafa sai babbar salla. Hanta fa? Na ce ba a ba yara mata. Wake, ƙwai, ganye, kifi, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya, amsar ɗaya ce. Sai ya ce nono abinci ne mai kyau, yana gina ƙashi yana sa ƙiba, amma nono ba ya yin jini. Ya ce in ma ya yi yawa, tare hanya yake yi, ya hana jiki ɗaukar ɗan abin da ke cikin geron.

Wallahi da ya ce mini rana daga yamma take fitowa da ban fi haka kiɗimewa ba. Mu da muka tashi a kan cewa nono shi ne magani, shi ne abinci, shi ake fara ba baƙo, shi ake ba mara lafiya. Ya ce akwai wani abu da jiki yake haɗa jini da shi, sunansa ƙarfe. Na ce ƙarfe irin na maƙera? Ya ce danginsa ne, amma ido ba ya ganinsa, Allah ya ɓoye shi a cikin abinci, kuma budurwa da ta fara al'ada tana zubar da shi duk wata, ga girma yana ci, don haka ta fi ƙaton namiji bukatarsa. Ya ce cin ƙasar da take yi ma jikinta ne yake neman abin, bai san inda zai same shi ba. Sa'an nan ya juya wurin Dije, don ya gane ita ce za ta riƙe, ya dinga faɗa tana lanƙwasa yatsu. Hanta ita ce gaba, ko sau ɗaya a mako, sai ƙoda da saifa da jan nama, da busasshen kifi, har soyayyar fara in lokacinta ya yi. Wake ta kowace hanya, dafaffe ko ƙosai ko ɗanwake. Zogale da alayyafo da rama da kuka, miyar ta yi kauri, a sa daddawa sosai. Riɗi da gyaɗa da ƙwai. Ya ce in za ta ci ganye ko wake a matsa lemun tsami ko a yanka tumatir, ko ta ci gwaiba a kai, tsamin yana taimaka wa jiki ya ɗauka. Nono kuma ba a hana ta ba, amma a raba shi da waɗannan, a ba ta shi can wani lokaci daban. Ya ba da maganin tsutsar ciki da wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce ƙwaya za ta ƙare, tukunya ce ba ta ƙarewa. Duk abin da ya lissafa, in ban da hanta, shi ne abin da nake ganin 'ya'yan makwabta suna ci ina tausaya musu. Hantar kuwa ni nake cinye ta.

Kwana uku suka yi a Karare suna komawa ana duba ta, sa'an nan muka dawo gida tare. Na shiga wurin Dada na zauna na kwashe duk abin da aka ce na gaya mata. Ta saurara har na gama. Ta ce wato wani yaro mai tabarau ya ce nonon da ta raine ni da shi guba ne. Na ce bai ce guba ba. Ta ce muddin ɗiyar tana ɗakinta ba za a ɗura mata ganye kamar akuya ba, ba za a ba ta ƙwai ba, kuma ba za ta ci hanta ubanta yana kallo ba. Ta ce a kira Audu ya ƙarasa aikinsa. Na roƙe ta, na kawo limamin Zakka ya roƙe ta, ya ce mata neman magani umarni ne, ta ce ta ji. Amma Dije ta aika da kwaɗon zogale ɗakin, aka dawo da shi ba a taɓa ba. Kwana huɗu ana haka, yarinyar tana kwance tana shan fura.

Ba a taɓa jin ɗa ya cire jika daga ɗakin kaka ba a danginmu. Na san abin da za a ce, na kuma san Dada. Ranar ta biyar bayan sallar azahar na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi sallama, na ce Dada ki gafarce ni, yarinyar nan za ta koma ɗakin uwarta har ta warke. Na shiga na naɗe tabarmar da kaina, na kama hannun Hansatu na fito da ita. Hannun sanyi ƙalau. Tana tafe tana waiwayen Dada tana kuka, don ita ba ta san wata uwa ba. Kafin mako ya zagayo Dada ta aika wa Bello, ya zo ya ware mata shanunta, ta ɗaure ƙwaryarta ta bi shi Darini. Da za ta fita na durƙusa a gabanta, ta zagaye ni ta wuce. Audu wanzami kuwa ya ji abin da aka ce game da ƙahonsa, bai sake taka rugarmu ba. Ƙanenku da aka haifa a kakar nan, sai daga Safana na nemo wanda ya yi masa aski, mutane suna ta tambayar me ya faru.

Daga nan muka shiga abin da ba mu saba ba. Duk ranar kasuwa in tsaya a gaban mahauta in jira a fasa ciki in karɓi hanta da zafinta, abokan kiwona suna wucewa suna tambaya ko suna ake yi a gidana. Dije ta koyi dambun zogale da miyar alayyafo wurin matan Zakka da a da take kai wa nono. Na yanko rassan zogale na kafa su a jikin shinge. Hansatu ba ta son hanta, ƙarninta yana tayar mata da zuciya, sai Dije ta yanka ta ƙanana ta soya da albasa da daddawa ta tura cikin miya, ta zauna a gabanta har sai ta cinye. Uwa da 'yar fari, gwiwa da gwiwa. Da farko ba sa iya haɗa ido, wata ta kalli akushi wata ta kalli bango. Akwai ranar da Dije ta same ni a gona, ta ce bayan gidan yarinyar ya koma baƙi ƙirin, ko jinin ne yake zuba ta ciki. Na hau keke a guje har Batsari, malamin ya yi dariya ya ce ƙwayar ce, haka take yi, ya manta bai faɗa mana ba. Na dawo na gaya wa Dije.

Sauƙin bai zo da sauri ba. Wata guda ya wuce kafin ta daina zuwa bayan shinge. Da aka fara yankan gero tana iya kai mana ruwa gona ba ta zauna a hanya ba. Ranar da na tabbata ta tashi, ina gyaran rumbu na ji ana faɗa a tsakar gida, wata murya mai ƙarfi tana cewa wallahi sai an biya ta turmin da aka ɓata mata. Na tambaya wace baƙuwa ce, aka ce Yaya ce take yi wa ƙannenta faɗa. Ban san tana da murya haka ba. Da muka koma asibiti malamin ya ja fatar idon ya kira ni, na ga ja ya dawo. Ya ce kada a daina abincin, har ta yi aure har ta haihu, kuma ƙannenta mata in sun taso a yi musu haka. Shi ya sa kuka tashi kuka ga ana raba hanta a gidanmu daga ƙanana mata zuwa sama, kuna tsammani al'adarmu ce tun kaka da kakanni.

Dada ba ta dawo ba. Duk wata ina zuwa Darini in gaishe ta, ta amsa gaisuwa, ta tambayi shanu, ta tambayi ruwa, ba ta taɓa tambayar Hansatu ba. In na ce yarinyar nan ta warke tana gaishe ki, sai ta juya ta kama wani zance. Sau biyu na ce zan kawo ta, ta ce kada in wahalar da ita. Na ɗauka fushi ne, kowa ma haka ya ɗauka, har dangi suna cewa Dije ta raba ɗa da uwa. Dije ta sha wannan maganar shekara biyu ba ta tanka ba.

A shekara ta uku Bello ya aiko cewa jikin Dada ya yi tsanani. Na je da hantsi na tarar da ita kwance, ta rame ƙwarai, amma hankalinta garau. Na zauna a bakin gadon na ce Dada, na saɓa miki, na cire miki jika daga ɗaki, ki yafe mini kafin ɗayanmu ya riga wani. Sa'an nan ta ce:

"Kai ai na yafe maka tun ran da na ji ta tashi. Kai kana gindin ƙirya, ba ka gani ba. Ni na riƙe mata kafaɗu Audu shina tsagawa. Ta ce Dada jiri nike ji, na ce daure ɗiyata, lafiya ce ke shiga. Sau biyu. Da wane ido zan dube ta?"

Shekara biyu da rabi ina zuwa ina durƙusawa ina neman gafarar tsohuwar nan, ashe ita ma abin da take nema ke nan, ta rasa bakin roƙo. Ban tsaya shawara da kowa ba, na fita na hau keke na koma gida, washegari na ɗauko Hansatu a baya na kawo ta. Ta shiga ɗakin, ni da Bello muka zauna a waje. Can sai ta leƙo ta ce a kawo kunu, Dada ta ce za ta sha. Kwana tara ta yi a wurinta tana jinyarta, a hannunta ta cika.

Abin da suka faɗa wa juna a ɗakin nan ban taɓa tambaya ba. Yayarku tana nan da ranta, ku ma kada ku tambaye ta.